Alkakin Gwaggo

A gidanmu na Zango, unguwar Hausawan Lome, ba a san siririyar mace ba. Yayata mai jiki ce, ni ma haka, kuma a layin 'yan atamfa na babbar kasuwar Lome, inda muke da rumfa, ƙiba ado ce. Idan na shigo da safe, matan ƙabilar Mina maƙwabtanmu sukan tafa hannu su ce ga wadda mijinta ya iya kiwo. Maganar tana yi mini daɗi. Duk mai tallan da ya biyo ta layin sai ya ja birki a bakin rumfata, mai botokwe, wato fanken mutanen nan, da mai gullisuwa, da mai ƙanƙarar zaƙi, don sun san ba na mayar da kowa.

Yayata ce ta fara kwanciya. Ciwon suga ne, amma ba mu san sunansa ba sai da ya ci ƙafarta. Ɗan ƙurji ne ya fito mata a yatsa ya ƙi warkewa. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, daga ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa. Ba ta ga daminar gaba ba. Ni na yi jinyarta, ni nake wanke dungulmin.

A wancan zamanin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar. Idan shugaba zai dawo daga tafiya akan rufe kasuwa, a ce mata su fito da anko su jeru a bakin titi, ana waƙa ana tafi. A irin wannan tsayuwar, rana ta take, na ga titin yana lilo. Ban farka ba sai a gadon asibiti, 'yata ta fari tana yi mini fifita da mayafinta.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina na ciniki ne kawai. 'Yar tawa da ta yi lakwal, wato makarantar boko, ita ta shiga tsakani.

"Mma, ta ce sugan ya soma, amma bai yi nisa ba. Ta ce sai kin yi rejim. Ki rage tuwo, ki rage mai, ki bar zaƙi, ki riƙa tafiya da ƙafa."

Na tambaya ko ƙafata za ta tsira. Likitar ta dube ni, ta ce wannan yana hannuna bayan na Allah.

Na riƙe maganar fiye da yadda ta faɗe ta. Shayi na koma shansa gaya. Tuwo ɗan dunƙule ɗaya, miya babu mai, kifi gasasshe. A lokacin an riga an tashe mu daga tsohon Zango an kai mu bayan gari, sai na riƙa sauka daga mota tun ba a iso kasuwa ba, in ƙarasa da ƙafa. A hankali jiki ya zube. Tela ya yi ta rage rigunana har ya gaji ya ce gara a ɗinka sababbi. Warwaron da na kasa cirewa tun aurena ya sulluɓe da kansa ina alwala.

Mutanen unguwa ba su ga lafiya a ramar ba. Wasu suka zo mini sannu, wata ta kawo rubutu a kwalba, wasu kuma suka riƙa duban maigidana da wani ido. Wannan bai dame ni sosai ba. Likita ta ce sugan ya kwanta, numfashina ya dawo, ina yin sujada ba tare da na dafa bango na tashi ba.

Abin da ya dame ni daban ne, kuma ban san sunan da zan ba shi ba. Na koma tsoron abinci. Idan aka kawo cincin gidan suna, sai in ji gabana yana faɗuwa kamar an miƙo mini garwashi. Nakan karɓa in ƙulle a gefen mayafi in ce sai na je gida, a hanya in ba wa duk wanda na fara gani. Dabino ɗaya idan na ci na buɗa baki, har a idar da sallah ina duban yatsun ƙafata. Bayan likita da bakinta ta ce ɗan kaɗan jefi-jefi ba zai yi kome ba, zuciyata ta ƙi yarda.

Akwai gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu ni da yayata bayan rasuwar uwarmu. Duk Zango an san ta da alkaki. Ba a yin garar amarya ta mutunci sai an bi ta ɗakinta. Ita take ɓarza alkamarta, ta kwaɓa da ruwan tsamiya ta bar shi ya kwana, ta murza ta naɗe shi, ta soya, sannan ta tsoma a zuma. Tun ina ƙarama ni ce mai ɗanɗana mata na farko. Da ta tsufa idonta ya yi rauni ta rage aiki, amma da 'yata ta haihu ta rantse ba wanda zai yi alkakin sunan sai ita.

Ana jajiberin suna na shiga wajenta da hantsi. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, kasko na tafasa a gabanta, ƙamshin zuma ya cika tsakar gida. Ta tsamo guda ɗaya ta miƙo ta inda ta ji muryata.

"Ungo, ɗiyata. Harshena ya mutu, ba na jin tsami ba na jin zaƙi. Faɗa mini ko ya yi."

"Gwaggo, bari in kira wata ta ɗanɗana."

"Wata wa? Su da ba su san na kirki ba?"

Zuma tana ɗiga a zanenta. Na karɓa. Niyyata in taɓa da harshe kawai. Amma da na gatsa, ya ruguje a bakina da ɗuminsa, sai na ga na cinye. Na ce mata ya yi. Ta yi murmushi ta miƙo na biyu, shi ma na ci, a tsaye, da sauri, kamar mai gudun kada a gan ta.

Ban kai ƙofar gida ba nadama ta rufe ni. Ji nake kamar na ci amanar wani, kamar yayata tana kallona. Na kasa cin abincin rana. Da la'asar na shiga mota na tafi bakin teku, na yi ta tafiya a kan yashi har na hango shingen iyakar Gana a Kodjoviakopé, sannan na juyo, ƙafafuna suna zogi. Washegari aka yi suna, gida ya cika, ana ta rabon waina da alkaki, ni kuwa na tashi da azumi. Kashegari ma haka.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Ya bari sai da baƙi suka watse ya same ni a ɗaki.

"Hajiya, azumin me kike yi?"

"Nafila ce, Alhaji."

"Don Allah kike yinta, ko don alkaki?"

Ya ci gaba:

"Na ga ramarki ban ce kome ba, don na san neman lafiya kike. Amma wannan ba lafiya ba ce. Jikarki ta zo duniya, ko ruwa ba ki sha a sunanta ba. Kuma ki je ki ga Gwaggo. An gaya mata azumi kike saboda alkakinta, tun jiya ba ta fito ba."

Na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya. Na gaishe ta, ta amsa a ciki. Na zauna a bakin gadon. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ni na kashe ta ko?"

Ban gane ba da farko.

"Yayarki. Tun tana ƙarama nake ɗura mata zaƙi. Marayu ne ku, ba ni da abin da zan rarrashe ku da shi sai abin da hannuna ya iya. Ga shi ke ma kina gudun abin hannuna kamar guba. Ki faɗa mini gaskiya, me likitocin suka ce?"

Duk tsawon shekarun nan ina ɗauke da tsorona, ban taɓa tunanin abin da tsohuwar nan take ɗauke da shi a ɗakinta ba. Na ce mata ciwon yana bin jini ne, kuma kwana ne ya ƙare. Na ce mata babu likitan da ya ambaci alkakinta. Ta ce in rantse, na rantse. Ta yi kuka mara sauti irin na tsofaffi, ni ma na yi.

Da ta natsu sai na jawo kwanon da ke ƙarƙashin gadonta, inda na san takan ɓoye na ajiya. Na ɗauki guda na raba biyu, na sa mata rabi a tafin hannu.

"Ai azumi kike," in ji ta.

"Na karya, zan rama."

Muka ci tare, a zaune, sannu a hankali. Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Ina taunawa ƙirjina yana bugawa, kuma da na koma gida sai da na zauna na duba ƙafafuna yatsa bayan yatsa. Amma na ci tuwon dare tare da iyalina, da safe kuma na sha kokona na tafi kasuwa.

Gwaggo ta ƙara shekaru kaɗan a duniya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je wajenta mu raba guda ɗaya. Wani makon ya wuce lami lafiya, wani makon in kwana da damuwa. Ita ba ta jin ɗanɗanonsa ko kaɗan, amma kullum sai ta tambaye ni ko tsamiyar ta yi yawa, ni kuma in faɗa mata gaskiya.