Fil Ɗin da Na Shaƙa a Tandabawi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara hamsin da ɗoriya ina riƙe da labarin nan, ko 'ya'yana ba su san shi duka ba. Jiya na ga hoton wata tela da fil a baki, na kasa haƙuri.

Shekarar da aka yanka Najeriya jiha goma sha biyu, ina zaune a Tandabawi cikin Makka, da cikin fari wata biyar. Ni da mijina ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Hajji muka zo muka maƙale.

Ɗinki nake yi. Na fara haɗa bargo na ƙyallaye, kowace jiha da gidanta: Kano dalar gyaɗa, Legas jirgin ruwa. Duk alhajin da ya zo gaishe mu sai na tsare shi da tambaya, wane gari ya faɗa wace jiha.

Ranar nan wani ya ce Katsina tana Arewa ta Tsakiya, hedikwata Kaduna. Surukata Inna, Bakatsiniya ce ta ainihi, ta ce, "Mi? Garin da Nasara ya kafa shekaranjiya shi za ya mulke mu?"

Na tuntsire da dariya, fil uku a leɓena.

Biyu na tofar.

Na yi tari har idona ya kawo ruwa, sannan ya lafa. Na ja bakina na yi shiru, don a unguwarmu an yi imani duk wanda ya shiga asibiti ba takarda, daga gado sai jirgin komawa gida.

Kwana uku, zazzaɓi. Kwana biyar, duk numfashin da na ja sai na ji suka a ƙirjin dama. Na sha zamzam, na haɗiyi gurasa da mai wai ta tura shi. Ina ganin jini a majina ina gogewa da tsumma ina ɓoyewa. Wallahi na ji tsoro.

Rana ta tara Inna ta kama ni da tsumman. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, kashe min jika za ki yi? Yalla, tashi!"

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina. Likita, wani Bamisire, ya ɗaga shi a hasken taga, ga fil nan kwance a huhu. Ya tambayi kwana nawa. Da mijina ya faɗa, sai ya dafe kai ya ce, "Leish, ya binti?" Wai don me.

Aka sa ni motar asibiti zuwa Jidda, mijina na gefe yana sunkuyar da kai duk inda muka ga ɗan sanda. Can aka sa ni barci, aka zura ƙarfe ta maƙogwarona aka zaro shi, har ya fara tsatsa. Allura safe da yamma, sati uku.

Ni na tashi. Cikin bai tsaya ba, zazzaɓin ya riga ya yi ɓarna. Namiji ne.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan, Allah ya jiƙan Inna da mijina.

Teloli, don Allah ku soke fil a tsumma, baki ba ma'aji ba ne. Wanda kuma ciwo ya kama, ya tafi asibiti ranar, kome yake tsoro. Daga Makka har Jidda, har aka sallame ni, ko mutum ɗaya bai tambaye ni takarda ba.