Itace a Wuyan Karyata

A shekarun farko bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, an yi ta sauke manyan bututan siminti a gefen hanya domin aikin kwalbati. An binne wasu, an bar wasu har ciyawa ta rufe su. Kaɗan daga cikinsu sun tsaya a bakin fadamarmu ta Jega, kuma da su wasanmu na karnuka ya fara.

Wani malamin dabbobi da aka turo mana ne ya kawo shi. Ya ce ya gani a inda ya yi kwas. Mu 'yan lambu dama muna da karnuka, saboda awaki da masu ɗauke albasa. Idan an cire albasa fili ya zama fayau, sai mu jera abubuwa: kare ya shiga bututu ya fita, ya bi ta kan azarar da aka gitta a magudanar ruwa, ya ratsa tsakanin turaku, sannan ya tsallake buhunan ƙaiƙayi da ake ɗora wani kan wani. Mai kare yana gudu a gefe. Ba a yarda ya taɓa shi ba, sai fito da nuni da hannu. Ba a ba wanda ya ci komai, sai dai a yi ta maganarsa har wasa na gaba. Kafin rani ya zagayo, samarin Aliero da na Maiyama sun shigo, aka koma yin wasan gari-gari bayan la'asar.

Tawa karya ce, ja, siririya, mai farin ƙirji. Tun tana 'yar kwikwiya na raine ta da kunu da ƙanzo. Baba ya yarda ta zauna gida bisa sharaɗi: wurinta bayan gida kusa da turken tumaki, kaskonta daban, kuma ba ta taka tsakar gida. Ta kiyaye wannan fiye da yadda wasu mutane ke kiyaye nasu sharaɗin. A bututu ba ta da sauri, tana shiga kamar mai shakka. Amma wajen tsalle babu kamarta. Da karan dawa na fara koya mata, na ɗora shi kan duwatsu biyu. Daga nan muka koma tsohon turmi, daga turmi muka koma buhu. Idan ta tashi sama takan naɗe ƙafafun gaba a ƙirji, ta sauka ba ka jin ƙara.

Babban abokin hamayyata wani ɗan Aliero ne, ƙato, mai baƙin kare da yawan ba'a. Duk ranar da muka haɗu sai ya ce, "Ɗan Jega, ka sake kawo muna ƙadangaruwar taka?"

Ni kuma in ce, "Na kawo ta. Naka jakin ya ci abinci dai ko? Kada shi maƙale a bututu."

Karensa ya fi gudu, amma yana zubar da buhu na sama. Tawa ba ta taɓa shafar buhu ba. A wasan ƙarshe na wannan ranin, a Maiyama, aka ɗora buhuna har suka kai mini ƙirji, ta wuce su. Ɗan Aliero ya cire hularsa ya buga a cinya, ya ce, "Wagga ba karya ba ce, aljana ce."

Katangar da ke tsakanin bayan gidanmu da gidan maƙwabciyarmu ba ta kai tsayin waɗannan buhunan ba. Ban taɓa auna su a raina ba sai daga baya.

Maƙwabciyar tsohuwa ce, mijinta ya rasu, muna ce mata Inna. Da fura take riƙe gidanta. Tana daka gero, tana sayen nono wajen matan Fulani, mutanen unguwa suna aikowa da kwano. Wata rana da hantsi, ina lambu, karyata ta tsallake katangar. Ban san abin da ta bi ba, wataƙila kyanwa. Abin da aka gani shi ne ta sa baki cikin ƙwaryar nonon Inna, kuma akwai mata biyu a tsaye da kwanoninsu.

Inna ta zubar da nonon, ta fasa ƙwaryar a gaban kowa, ta sa aka wanke turmi da ludayi. Duk da haka magana ta riga ta fita. Aka daina aikowa. Na ga furarta tana wuni a faifai har ta bushe ta tsage. Da na je ba ta haƙuri, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗana, ni ban da faɗa da dabba. Ita mi ta sani? Amma kai munka sani. Kai ka koya mata hawan sama, ba ka gaya mata inda za ta sauka ba."

Na ce, "Inna, ba za ta ƙara ba."

"Ka tambaye ta?"

Ba a yi mako ba ta ƙara. Wannan karon ba ta taɓa komai ba, ta ratsa tsakar gidan ne kawai ta fita ta zaure. Sai maganar ta kai gaban mai unguwa. Ya kira Baba, Baba ya tafi da ni. Mai unguwa ya ce shi ba zai ce a kashe dabbar kowa ba. Amma idan aka sake ganinta a gidan wani, to, wani zai jefa mata nama da guba, kuma shi ba zai tambayi wanda ya jefa ba. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, mun ji." Da muka iso ƙofar gida ya juyo gare ni. Nan ya ce, "Tsohuwar nan ta goya ka. Ka san abin yi."

Na fara da igiya. Ta cinye ta. Na sa sarƙa, ta yi ta haushi da kuka har tumaki suka ƙi kwanciya, wuyanta ya saluɓe. Na ɗora ƙaya a kan katanga, ta nemi wani gefen.

Labari ya kai Aliero. Ranar kasuwar Jega ɗan Aliero ya same ni a layin 'yan albasa. Wannan karon babu ba'a a bakinsa. Ya ce, "Ka ba ni ita. Lambuna na bayan gari, babu katanga, babu gidan kowa. Ta yi ta tsallenta har ta gaji. In ka so ganinta, hanya ba ta da nisa."

Na ce, "In an zo wasa fa? Fiton wa za ta bi?"

Ya yi dariya. "Na wanda ke ba ta tuwo mana."

Na ce masa zan yi shawara. Ban yi ba. Na riga na hango ta tana tsallake buhuna da sunan Aliero, ni ina tsaye cikin 'yan kallo. Ban kuma iya tunanin bayan gidanmu babu ita ba. Waɗannan dalilai biyu sun cakuɗe a raina, har yau ban iya raba su in ce wanne ya fi nauyi ba.

A Maiyama na sami dabara, wajen wani tsohon maharbi da ke zuwa kallon wasanmu. Ya ce abin da ake yi wa akuya mai kutsa danga shi za a yi mata. A sami guntun itace mai nauyi, a ɗaure shi da igiya a wuyanta, ya riƙa lilo daidai gwiwoyinta na gaba. Tafiya ba za ta gagare ta ba. Amma duk lokacin da ta yunƙura za ta tashi, itacen zai buge ta.

Na ce, "Baba, ba zai ɓata ta ba?"

Ya ce, "Kai ba ka dukanta, ita ba ta ƙin ka. Icce ka yi maka aikin."

Lissafina ya yi kyau a ido. Damina ta kusa, babu wasa sai wani rani. Ta sa itace har kaka, unguwa ta huce, Inna ta dawo da cinikinta. Idan an cire albasa in kwance mata shi, mu koma fili. Na ɗauka tsalle yana nan ajiye a jikinta kamar hatsi a rumbu.

Na sassaƙo guntun itacen kirya na rataya mata. Ranar farko ta nufi katanga da gudu kamar yadda ta saba. Ina tsaye na ji ƙarar itacen a ƙashinta. Ta faɗi ta gefe, ta tashi, ta dube ni, ta dubi katangar. Ta sake gwadawa a ranar, ta sake washegari. Bayan 'yan kwanaki ta daina. Ta koyi wata irin tafiya, kai a sunkuye, ƙafafu a ware don kada itacen ya same su. Gashin gwiwoyinta ya zube, wurin ya yi kanta. Takan zo ta kwanta kusa da ƙafata kamar da, itacen yana jan ƙasa. Maharbin ya faɗi gaskiya, ba ta ƙi ni ba.

A hankali kwanoni suka fara komawa gidan Inna. Ba duka ba. Wata daga cikin matan nan biyu ba ta ƙara aikowa ba har Inna ta rasu.

Da rani ya shigo aka sa wasan farko a Aliero. Ana saura kwanaki kaɗan na yanke igiyar, itacen ya faɗi. Na yi zaton za ta girgiza jiki ta ruga. Ta tsaya ne tana shinshinar sa. Na so in gwada ta a lambu, na ajiye buhu ɗaya, ta kewaye shi. Na ce wa kaina ai babu mutane ne, babu ihu, idan ta ji taro za ta tuna. Na sa ta a kwando bayan babur muka tafi.

An taru sosai, har da mutanen Maiyama. Malamin dabbobi yana tsaye a ƙarshen fili yana ba da izini. Ɗan Aliero ya hango ni ya ɗaga murya, "Ku ba da hanya, aljanar Jega ta iso!"

Karensa ya yi gudunsa, ya zubar da buhu na sama kamar kullum, aka yi masa dariya. Sai aka kira ni. Na yi fito, ta shiga bututu ta fita. Ta hau azara ta sauka lafiya. Ta ratsa turaku, ko da yake kanta na ƙasa. Muka nufi buhuna, ina gudu a gefenta, na ɗaga hannu na yi fiton tsalle, wanda ta sani tun zamanin karan dawa.

Ta ja birki har ƙasa ta tashi. Ta ware ƙafafun gaba, ta sunkuyar da kai, ta runtse ido kamar mai jiran duka. Babu komai a wuyanta.

Na koma da ita baya, na sake. Ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Wani ya ce a rage buhun. Aka rage har ya zama saura ɗaya, wanda ɗan akuya zai haye. Ta zauna a gabansa tana kaɗa mini wutsiya. Wasu 'yan kallo suka fara dariya, sai dariyar ta mutu da kanta. Malamin dabbobi ya zo ya tsuguna, ya shafa gwiwoyinta, ya lanƙwasa su ya miƙe. Ya ce, "Ƙashi lafiya lau." Ya ga kantar, ya dube ni, ya tashi.

Ɗan Aliero ya raka ni wajen babur. Ya taya ni ɗaure kwandon. Sai da ya gama ya ce, "Mi ka yi mata, ɗan Jega?"

Na gaya masa.

Ya dube ta cikin kwandon. Ya ce, "Da ka ba ni ita."

Na ce, "Ko yanzu in ka karɓa, wataƙila a lambunka ta tuna."

Ya girgiza kai. "Kai ta gida. Yanzu ta dace da gida."

Na kai ta gida. Na yi ta gwadawa har ƙarshen ranin, na koma kan karan dawa da duwatsu biyu, ina riƙe da ƙashi a ɗaya gefen. Takan kewaya ta zo ta karɓa. Daga baya na daina zuwa wasan, kuma ban sake rainon wani kare ba. Wasan ma bai daɗe ba. Aka sauya wa malamin dabbobi wurin aiki, masu kwangilar kwalbati suka dawo suka kwashe bututansu.

Ta rayu shekaru bayan haka. Ba wanda ya jefa mata guba, ba a sake kai ƙararta ba. Baba har yakan ce ta yi hankali. Wata damina ruwa ya ci gindin katangar nan ta zube, ya zama abin da ya raba mu da gidan Inna tudun ƙasa ne da bai kai gwiwa ba. Mun daɗe ba mu gina ta ba, muna jiran ruwa ya ɗauke. Kaji suna hayewa, tumaki suna hayewa, sai an kore su.

Wata safiya na fito na ga Inna a tsaye a nata gefen da ɗan kasko na ragowar tuwo. Karyar na kwance a namu gefen, haɓarta a kan ƙafafunta. Inna ta ajiye kaskon a ƙasa, ta kira ta da baki. Karyar ta tashi, ta zo bakin tudun, ta tsaya tana kaɗa wutsiya.

Inna ta ce, "Taho mana. Na yafe."

Ba ta haye ba. Inna ta dube ni, ta dubi karyar. Sannan ta ɗauki kaskon, ta tattare zanenta, ta tako tudun da kanta ta ajiye mata a gabanta.