Dutsen Wankin Iya

Hayaƙin ɓuntun shinkafa da ƙamshin sabulun salo, da su nake tuna Iya, kakata ta wajen uwa. A ƙauyenmu na bayan Bunkure, in an idar da magariba sai ta tura ɓuntu cikin murhu, mu jikoki mu jeru a kan wani faffaɗan dutse da ke bakin ƙofar ɗakinta. Sanyi gare shi ko da tsakiyar bazara. Bayan katanga kwaɗi na kuka, ruwan kanal na wucewa gonakin tumatir.

"Ga ta nan, ta taho da jiƙaƙƙen zane," in ji Iya.

Mu ce, "Ta iso mu shanya ta."

Sai ta dube ni ta ce, "Ke Jidda, mai idon mujiya, rufe baki kar kwaɗo ya faɗa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce da ƙafafunta suka mutu bayan haihuwa. Da jan jiki take girki, take shara, amma rafi ya yi mata nisa. Wata yamma tana zaune gaban tarin wanki, sai ta ga sawu jiƙaƙƙu suna shigowa tsakar gida, ba mai taka su. Wata murya ta ce, "Kawo in wanke miki." Ta miƙa. Da safe ga kaya a kan igiya, fes.

Haka kullum. Har fatarinta na ciki, wanda mace ba ta ba kowa, ta miƙa. A nan Iya ke rage murya, mu matsa kusa da wuta. Kayan in sun dawo ba sa ƙamshin kowa: ba sabulu, ba hayaƙi, ba jikin mai su. Jaririyarta ta fara ƙin zanen goyo. Mijinta ya shigo, ya dubi inda take zaune, ya tambayi ina matar gidan ta tafi. Ta ɗaga hannu saitin murhu, sai ta hango harshen wuta ta cikin tafinta.

Na ce, "Sai ta yi yaya, Iya?"

"Abin da ke ba za ki iya ba, matsoraciya. Ta zauna ta jira sawun."

Da suka tsaya a gabanta, ta rungume kayanta ta ce, "Na gode, baiwar Allah. Amma ba wankin nake so ki ɗauke mini ba. Nisan nake so ki ɗauke." Sawun suka juya. Gari na wayewa ta tarar da dutsen wanki na rafi a bakin ƙofarta yana ɗiga, ga tulu cike a gefensa. Ta cuɗa kayanta da kanta, hannunta ya dawo, jaririya ta yarda da goyo.

"Na matse ta, na shanya," Iya ta kan rufe. "Wanda ya ga ta bushe ya kwashe."

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da ɓarin jikin Ummata na hagu ya shanye, ta koma kan keken marasa lafiya. Ni na karɓi wankinta, ina ganin gata nake mata. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Sai dai na lura tana ɓoye fatarinta a ƙarƙashin katifa, tana kwana uku da kaya ɗaya. Wata rana na kawo mata su a ninke, ta shinshina ta ce, "Jidda, kayan nan kamar na aro." Nan take tatsuniyar Iya ta faɗo mini.

Na tafi Kano neman injin wanki. Mai shago ya nuna mini wani dogo mai murfi a sama, mai rami biyu.

"Hajiya, wannan kowa ke ɗauka."

Na roƙi kujera, na zauna a gabansa, na mayar da hannun hagu baya. Ban iya hango ƙasan ramin ba, balle in ɗago jiƙaƙƙen zane zuwa na biyu.

"Hajiya, lafiya? Ko motsa jiki kika zo yi?"

Haka na yi ta jan kujera daga inji zuwa inji, yana bi na yana dariya, har na samu mai ƙofa a gaba wadda hannu ɗaya ke buɗewa, da abin murɗawa guda ɗaya babba. A gida aka yi masa ɗan dandamali don ƙofar ta zo daidai cinyarta, aka ja masa ruwa daga tanki.

Umma ta tura kekenta, ta zuba kaya da garin sabulu, ta murɗa. Ta ce, "To, fita ki sake mini labule." Na tsaya a waje ina jin ruwa na juyawa. Sai a lokacin na gane ba aljana Iya ke tsorata mu da ita ba, taimakon da ke shafe wanda ake yi wa ne.

Da yamma, tana lallaɓa shanyarta da hannu ɗaya, Umma ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Bayan Iya ta haifi Umma, ta yi shekara uku ba ta taka ƙasa ba. Dutsen da muke zama a kai kuwa, da aka zo sabunta gidan, ƙarti huɗu suka kasa ɗaga shi. Kuma har Iya ta koma ga Allah, ba wanda ya taɓa cewa shi ya kawo shi.