Mansour Mai Ƙanƙara da Neman Ukasha a Mashayun Gari

Duk wanda ya zauna a Zongo na Parakou a shekarun nan ya san Mansour mai ƙanƙara, Allah ya jiƙansa. Dogo ne siriri, tafukan hannunsa kullum a koɗe kamar na mai wanki, saboda riƙon sanyi. Da an idar da sallar asuba zai tayar da babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya je inda ake daskarar da ƙanƙara ya yi lodi, ya lulluɓe ta da dusar katako da buhuna, ya shiga gari. Masu kifi da masu zoɓo yake fara sallama. Bayan su sai mashaya, waɗanda a nan muke ce wa buvet.

Mansour bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma babu mashayar da bai sani ba a garin nan, daga manya masu fitilu kala-kala har zuwa tsakar gidajen da mata ke dafa cukutu, wato burkutun dawa. Ta ƙofar baya ya san su, da safe, kujeru a kife, ana shara. Har ta kai idan baƙo ya sauka a tasha yana neman inda zai jiƙa maƙoshi, sai a nuna masa rumfata ta facin taya, a ce ya jira mai ƙanƙara, nan yake hutawa da hantsi.

Wata rana wani direban babbar mota daga Kwatano ya tare shi.

"An ce kai ne ka san mai kyau a garin nan."

"Mai kyau ta wace fuska?" in ji Mansour, yana matse buhu. "In kiɗa kake so, tafi unguwar Albarika wajen 'yan makaranta, ka fito kunnenka yana ƙara. In kuwa kana so ka koma da jakarka da haƙoranka cikakku, je Ladjifarani, bayan mai walda, ka tambayi Maman Baké."

"Giyarta ce ta fi daɗi?"

"Wannan kai za ka dawo ka faɗa mini."

Shi da nasa ma'aunin. Yakan duba ko ana wanke kofuna da ruwa mai tsabta, ko akwai inuwa, ko mai wurin tana hana mutum ƙari idan ta ga ya kai. Abin da ya fi dubawa kuma shi ne yadda ake yi da wanda ya faɗi. Inda ya tarar da mutum kwance a bakin kwata da safe, kaji suna tsallake shi, wannan wuri ya fita daga bakinsa har abada. Inda aka ja mutum gefe aka rufa masa zane, nan yake tura baƙi.

A Zongo ba a bar shi ya huta ba. Iliassou mai goro, tsaransa ne tun makarantar allo, da ya hango shi zai ɗaga murya.

"Malam Mansour, yau a wane masallaci aka yi walaha?"

"Na leƙa ne ko zan same ka, aka ce yanzun nan ka fita."

Ana dariya, amma akwai waɗanda ba da wasa suke faɗa ba. An yi wanda ya daina sayen ƙanƙararsa, an yi wanda ya matsa gefe a sahu. Mansour bai taɓa yi wa kowa bayani ba, ko da yake tsofaffin unguwa sun san dalili.

Ƙanensa Ukasha shi ne auta a gidan. Matar Ukasha, Housseina, ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, tun daga nan Ukasha ya fara sha, da farko a ɓoye, daga baya a fili. Wata la'asar ya shigo yana tangaɗi, mutane suna zaune a ƙofar gida. Mansour ya miƙe a gaban kowa ya ce masa kada ya sake taka gidan nan da wannan warin. Ukasha ya dube shi, ya juya, ko riga bai ɗauka ba. Aka zaci gobe zai dawo. Damina ta wuce, wata ta zo.

Mahaifiyarsu Inna Kadidjatou ba ta taɓa ce wa Mansour ya yi laifi ba. Ƙafafunta sun riga sun gaza, idonta yana tafiya. Kullum ya shigo gaishe ta da yamma, sai ta juyo da kai wajen muryarsa ta ce, "Ba labari?" Wannan tambaya ce ta fitar da shi daga shagon atamfa da yake tsare wa wani Alhaji, ta ɗora shi a kan babur na ƙanƙara. Ya duba ya ga babu wata sana'ar da za ta shigar da mutumin Zongo kowace mashaya ba tare da ya zauna ba. So yake ya kawo Ukasha gaban tsohuwar kafin ƙasa ta rufe mata ido.

Wahalar ita ce, ƙanƙara da safe ake kai ta, masu sha kuwa sai rana ta yi sanyi suke zuwa. Don haka bai cika ganin fuskoki ba, sai dai ya tambayi mata masu wurin. Wata ta ce ta taɓa ganin mai irin kamannin, wata ta ce an ce ya bi motar auduga. Shekaru suka tafi a haka.

Wata safiya yana sauke kaya a tsakar gidan Maman Baké, ya ga an kife ƙore a kan tabarma suna shan rana, irin waɗanda ake shan cukutu da su. Ɗaya ta taɓa tsagewa an ɗinke ta. Ya ɗauka ya juya. Ɗinkin ya tafi kamar ƙashin kifi, ƙullin kuma an kai shi can ƙasa nesa da baki, don kada ya ci leɓen mai sha. Haka Inna take ɗinke ƙwarya lokacin tana gani, kuma a cikin 'ya'yanta auta kaɗai ya zauna kusa da ita ya koya.

"Maman, wa ya ɗinka miki wannan?"

"Kai kuma yau ƙwarya kake saye? Ba a nan aka yi ba. Ƙawata Assibi ce ta haɗo mini daga Djougou. Akwai wani Bahaushe da ke zaune wajenta, ba ya magana, shi ke yi mata."

Mansour ya zauna a kan turmi, ƙanƙara tana ɗiga a bayansa, bai ko kula ba.

Washegari ya shiga motar Djougou. Garin kakanninmu fatake ne, nan ayarin goro ke yada zango a hanyar Gonja, masallaci a kowane lungu, amma shi bai san kan unguwanninsa ba. Maman Baké ba ta iya kwatance ba, ta ce dai bayan gari ne, kowa ya san Assibi. Sai ga mutumin da baƙi ke tambaya ya koma mai tambaya. Da farar hula, da tabon sallah a goshi, ya tsayar da wani mai babur ya ce a kai shi inda cukutu ya fi kyau.

"Baba, kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"To Allah ya shirye mu. Hau."

Sun zaga gidaje da dama, don Assibi ba ɗaya ba ce a Djougou. A kowane gida Mansour yakan yi sallama, ya nemi a nuna masa ƙore, mata suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Rana ta take tsaka kafin su isa wani gida mai katangar laka, hayaƙi yana tashi daga manyan tukwane. A gindin mangwaro wani mutum yana zaune, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinsa, basilla a hannu. Furfura ta fito masa a gemu. Bai miƙe ba.

"Yaya," ya ce.

"Ka rame, auta."

"Kai ma ka tsufa. In wa'azi ka kawo, na riga na ji shi."

"Inna ce ke tambayarka. Kullum."

Basillar ta tsaya. Ukasha ya ɗago kai.

"Tana nan?"

"Tana nan. Taso mu tafi, akwai motar yamma."

"Kai ka ce kada in taka."

"Ni na faɗa, ni kuma na zo in ce ka taka."

"Ba zan je mata a haka ba. Sai na bar sha tukuna." Ya ci gaba da ɗinki. "Kuma kada ka riƙa zuwa kana zama a kaina kamar mai jinya. Wurin nan na masu sha ne da masu sana'a."

Mansour ya dawo shi kaɗai. Ya gaya wa Inna gaskiya, cewa yaron yana raye, yana ɗinkin ƙwarya a Djougou. Tsohuwar ta ce, "Ashe bai manta ba. Yaushe zai zo?" Ya ce ya kusa.

Tunda an ce wurin na masu sana'a ne, sai ya koma da sana'arsa. Ranar kasuwar Djougou ya naɗe dunƙulen ƙanƙara guda a buhu, aka ɗaure a saman mota. Kafin su isa rabi ya zama ruwa, fasinjojin gefen taga suna tsine masa. Ya dire ragowar a gaban Assibi.

"Me zan yi da wannan?" ta ce. "Ka taɓa jin an sha cukutu da sanyi? In na saka, tsofaffin nan za su ce na yi musu asiri."

"Ni dai mai ƙanƙara ne, na kawo kaya."

Assibi ta dubi Ukasha, ta dubi Mansour, ta gane. Ta aika aka sayo zoɓo, ta jiƙa, ta fasa ƙanƙarar a ciki, ta miƙa wa Mansour a sabuwar ƙwarya da ba a taɓa zuba komai a cikinta ba. Daga ranar haka aka saba. Mansour yakan zauna a gindin mangwaro da zoɓonsa, ƙanensa yana ɗinki, su yi hirar wa ya mutu, wa ya yi aure, wane gida aka rushe a Zongo. In azahar ta yi ya fita masallacin kusa, ya dawo. Da zai tafi yakan ce, "Akwai wuri a mota." Ukasha ya ce, "Saura kaɗan, Yaya."

Da gaske Ukasha yake ƙoƙarin bari. Akwai lokutan da Mansour ya dawo fuska a sake, ya ce mini, "Lado, hannunsa ya daina rawa, ina jin kafin sallah zai zo." Sai kuma wani zuwan ya tarar da shi kwance, an rufa masa zane. Har roƙonsa ya yi. "Zo a yadda kake. Inna hancinta ya tsufa, ko daddawa ba ta ji." Ukasha ya yi dariya har da hawaye, amma bai shiga motar ba.

A daminar bara tari ya kama Mansour, ya ƙi sakinsa. Ya ci gaba da fita har ranar da ya kasa tayar da babur. An kai shi asibiti, an dawo da shi gida. Ranar da zai cika, da rana tsaka, ya buɗe ido ya tambayi matarsa Saadatou ko yau ce kasuwar Djougou. Ta ce sai jibi. Ya ce to, da sauran lokaci. Bai kai la'asar ba.

Maman Baké ta zo gaisuwa da gyalen aro, ta tsaya daga bakin hanya har sai da mata suka jawo ta ciki. Ita ce ta aika wa Assibi da labarin rasuwar.

Ranar sadakar uku, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai sun shafa addu'a, sai ga Ukasha ya ɓullo daga kan kwana da wata tsohuwar riga. Tun kafin ya iso aka ji warin abin da ya sha don ya iya zuwa. Ya wuce mutane ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, ya kasa ɗaga ɗayar. Iliassou ya sunkuyar da kai. Daga ciki Saadatou ta ɗaga labule.

"Shigo, auta. Yayanka ya bar sallahu, ko yaushe ka zo, ko a wane hali, kada a tsayar da kai."

Ya shiga. Ya durƙusa a bakin gadon Inna. Ta miƙa hannu ta laluba kansa, ta bi goshinsa, ta shafa gemun da ba ta san shi da shi ba.

"Ka daɗe a hanya," ta ce. "Matso nan."

Ya wuni a gindin ƙafafunta har rana ta yi sanyi, sannan ya koma Djougou. Bai daina sha ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma yana zuwa, wani lokaci Juma'a biyu a jere, wani lokaci a daɗe ba a gan shi ba, Inna kuma tana nan da ranta. Abin da Mansour ya yi shekaru yana nema ya samu, shi ne dai ba a bar shi ya gani ba, kuma wannan ne yake ci mini rai in na zauna ni kaɗai da hantsi.

Motocin Djougou a gaban rumfata suke sauke mutane. In Ukasha ya sauko yakan ɗaga mini hannu, ya nufi Zongo a ƙafa. In ka gan shi ta baya, tafiyarsa iri ɗaya ce da ta yayansa, kafaɗar hagu a ɗan karkace. Nakan ajiye tayar da nake faci, in bi shi da ido har ya sha kwana.