Bayan Inna Diza

Ƙarar ba ta fi ta karyewar karan gero ba, amma Balkissa ta ji ta ta taso daga tafin ƙafarta har cikin kanta. Mahaifiyarta, Inna Diza, tana kwance rub-da-ciki a tabarma, ta danƙe gefen zanenta.

Tun Balkissa tana ƙarama haka suke yi. In Diza ta dawo daga kasuwa, sai ta miƙe a tabarma ta ce, "Taho ki taka mini bayan ga." Ranar ma ƙafa ɗaya kawai Balkissa ta ɗora, tana dafe da bango.

A ƙauyen Madécali aka haifi Diza, aure ya kawo ta garin Malanville. Da mijinta ya rasu, ta kama sana'ar turara shinkafa. Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta ɗora kwano a ka zuwa kasuwa. Da wannan kan nata ta kai Balkissa jami'a a Parakou. Daga baya Diza ta fara gajarcewa, zanenta yana jan ƙasa. Abokan sana'a suna tsokanarta, "Diza, ke kullum sai ƙanƙancewa, ɗiyarki na tsawo." Ita ma dariya take yi. Balkissa ta ga wannan duka a kowane hutu, ta ɗauka tsufa ne.

A asibiti aka ɗauki hoton bayan. Likita ya nuna ƙashin da ya murƙushe, da wasu biyu da suka daɗe da lotsewa.

"Ni na karya ta?" in ji Balkissa.

"Ƙashi mai lafiya ba ya karyewa da wannan," in ji shi. "Nata ya zama kamar itacen da gara ta ci. Akwai na'urar da ke auna ƙarfin ƙashi. Da an auna ta da wuri, da mun fara magani. Yanzu ma awon zai nuna mana ko ƙugunta na gab da karyewa, da irin maganin da ya dace. In ƙugu ya karye, da wuya ta sake tashi."

Na'urar tana Kwatano, ƙarshen ƙasa. Diza ta ƙi. "A kira mai ɗori," ta ce. Balkissa ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. "Inna, in ya ja ki, wani wurin za ya karye." Sai da zafin ya ɗan lafa Diza ta yarda. Ɗanta Souleymane ya shimfiɗa mata katifa a mota, suka tafi.

Balkissa ta zauna tsaron shinkafar da ke shanye. Ko rami nawa ne a hanyar, ta ji su a bayanta. Jiya Souleymane ya kira, ya ce an yi awon. Amma likitan can bai duba sakamakon ba tukuna. Har yanzu wayar ba ta sake yin ƙara ba.