Farar Ƙasa a Gindin Mangwaro

A gidan hayar da na zauna a Samaru akwai wani tsohon mangwaro a tsakar gida. Da damina manyan faɗa-wuta sukan wuni lafe a jikinsa, kuma na san su sarai. Akwai mai launin toka da zane kamar tsagar ɓawo, sai ka kai hanci kusa kafin ka gane ba itace ba ne. Akwai kuma mai kama da busasshen ganye, in ka taɓa shi ya buɗe fukafukan ciki, sai ga wasu idanu biyu suna harararka.

Mai gidanmu ɗan kwangila ne, mai son a ce ya waye. Da za a yi sunan jikansa, sai ya aika Sabon Gari aka sayo farar ƙasa, aka shafe gindin mangwaron fari fat, wai irin na harabar ofisoshin gwamnati.

Washegari faɗa-wutan suka dawo mazauninsu, kowanne ya fito ɓaro-ɓaro. Ƙadangaru suka yi ta wawaso. Mai gida ya riƙe ƙugu yana yatsina.

"Malam, daga ina waɗannan ƙazaman suka fito?"

Na ce, "Alhaji, ai nan suke tun kafin ka sayi gidan."

Bai ko saurare ni ba, ya aika a sayo fiya-fiya. Shekara da shekaru yana shan inuwa kusa da su bai taɓa ganinsu ba. Ranar da ya fara ganinsu kuwa, ranar ya kashe su.