Ranar da Garke Ya Faɗa Lakar Tafki

Har gobe ban manta da ranar da garken shanu ya bi ta kan zangonmu ya faɗa laka ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun ce in ba ku labarin aikin daji, da wannan za ni fara.

A farin nan na farkon shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malamin dabbobi a Sabon Birni. Bushiya, ciwon da ke share garke guda, ta ɓulla ta wajen iyaka, aka rarraba mu mu yi allurar rigakafi, wadda makiyaya ke kira huji. Shugabanmu Malam Nomau ne, babban malamin dabbobi, sai ni da masu allura biyu da Ɗan'ige, direban jif, motar aikinmu. Tsarin aikin shi ne ku je inda dole makiyayi ya zo, wato bakin ruwa. Ku kafa tanti, ku yi ƙuntataccen shinge na itace wanda shanu za su bi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka yi wa allura a tsaga mata kunne don shaida. Maganin cikin akwatin ƙanƙara yake zama, da zafi ya taɓa shi ya tashi aiki.

Gaba da Gangara akwai wani tafki a gindin tudun marmara, inda wata ƙorama ke saukowa. Nan muke zango kowace shekara. A da wuri ne mai daɗin kwana, ga inuwar giyayya, ga kifi. A waccan bazara kuwa ƙoramar ta koma yashi, tafkin ya janye ya bar ɗan ruwa can tsakiya. Lakar da ta kewaye shi samanta ya bushe ya tsattsage, ka gani ka ce ƙasa ce mai ƙarfi. Mutanen wurin sun jera itace ta gefe guda suna ɗebo ruwa da guga, makiyayan yankin kuma suna tsayar da dabbobinsu nesa a kai musu. Muka kafa tantinmu a bakin busasshiyar ƙoramar, don nan inuwa take.

Mun idar da sallar azahar ke nan muka ji ƙasa tana girgiza. Ɗan'ige ya ce, "Malam, wagga ƙara fa?" Kafin a ba shi amsa sai ga ƙahoni sun cika ƙoramar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙaho, sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu, amma gudu suke kamar dawakai. Daga baya muka ji daga Nijar suka fito, sun yi kwanaki ba su sha ba, iska ta kai musu ƙanshin ruwa suka ƙwace wa masu su.

Malam Nomau ya daka tsawa, "Ku hau tudu! Ku bar komi!"

Daga kan tudun muka ga sun bi ta kan tanti da tukwane da akwatin magani. Na gaba suka hau busasshiyar lakar, ta ɗauke su ɗan lokaci, sannan ta ɓurma. Na baya ba su tsaya ba, suka hau kan 'yan'uwansu, su ma suka nutse. Ga ruwa suna kallo, ba mai iya kaiwa. Ban taɓa jin kukan shanu irin na ranar ba. Ɗaya daga cikin masu allura ya zauna daɓas yana ta salati.

Sai ga mai garken, wani dattijo da muka ji ana kira Baffa Jaɓɓi, ya iso da gudu, 'ya'yansa na can baya da jakuna. Ko kallonmu bai yi ba. Ya hau lakar yana kiran wata saniya da sunanta, "Woɗe! Woɗe!" Ya kai gare ta, laka ta kama shi zuwa cinya, kan mu sauko ta kai masa ƙirji.

Malam Nomau ya ce a tsaga tantin a shimfiɗa kan laka, a jera itacen shinge a kai. Ɗan'ige ya ce, "Malam, kayan gwamnati ne fa." Ya ce, "Ni za ni amsa. Kawo igiya, ka juyo da jif." Ni ne mara nauyi a cikinmu, don haka ni na ja ciki a kan tamfol da igiya a hannu.

Na ce, "Baffa, ɗaga hannuwanka in ɗaura maka."

Ya ce, "Yaro, ɗaura mata."

"Baffa, kai aka aiko ni in fitar."

Ya fizge igiyar ya ɗaura a gindin ƙahonta da kansa. Na waiwaya na gaya wa Malam. Ya ce, "Ba shi fitowa sai da ita. Ce mashi shi riƙe ta da kyau." Ɗan'ige ya ja igiyar da jif a hankali, lakar tana wani irin sauti kamar ba za ta saki ba, sai ga saniya ta taho, dattijo rungume da wuyanta.

Mutanen Gangara suka zo da igiyoyi, muka yi ta ja har rana ta yi ja. Mun fitar da wasu, amma mafi yawa sun yi nisa, wasu kuma wuyansu ba zai jure ja ba. Baffa Jaɓɓi ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Can ya ce wa babban ɗansa ya ba shi wuƙa. Ya koma kan tamfol ɗin da jan ciki, duk wadda hannunsa ya kai gare ta sai ya shafa goshinta, ya faɗi sunanta, ya yi bisimilla ya yanka, don kada ta mutu mushe. Da ya gama ya dubi mutanen gari ya ce, "Ku ɗiba. Yunwa ake."

Sannan ya nufo Malam Nomau, laka har gemu, ya ce, "Ku ne masu huji? Ga waɗanda suka rage."

Akwatin magani kuwa yana can a farfashe cikin yashi. Malam Nomau ya juya baya ya share fuska. Ya tura Ɗan'ige Sabon Birni ya karɓo wani. Muka kwana a fili, da safe muka yi wa ɗan abin da ya rage allura, dattijon na riƙe mana kan kowace.

Da muka koma, babban jami'inmu ya tambayi Malam Nomau ina tanti. Ya ce, "Yana cikin tafki, ranka ya daɗe," ya ba shi labari. Jami'in ya ce, "Mutumin ya rayu?" Ya ce ya rayu. Ya ce, "To, je ka."

Abin da na ɗauka daga ranar, na farko dai, a shekarar fari kada ku kafa zango a hanyar da dabba za ta bi zuwa ruwa, komai daɗin inuwar wurin. Saniyar da ƙishirwa ta kama ba ta san mai ita ba, balle ku. Na biyu, za ku haɗu da makiyayi yana gardama a kan saniya guda, yana hana ku taɓa ta sai ya gamsu, ku ji kamar yana ɓata muku lokaci. Ku yi masa haƙuri. Ni na ga mutumin da laka ta kai wa ƙirji, na miƙa masa igiya, ya ɗaura wa saniyarsa.